Ofishin kula da dukiyar iyali: wa ke sa hannu, wa ke da ikon tambaya?

Tambaya: Mahaifinmu ɗan kasuwa ne, ya haura shekara 75. Yana da injin sarrafa shinkafa, da manyan motoci, da gidajen haya a Kano da Abuja, da wasu kuɗi a ƙasar waje. Matansa uku, mu 'ya'yansa 17 ne, maza 10 mata 7. Ni ne babba, kuma ni nake riƙe da kamfanin. Ma'aikacin bankinmu ya ba ni shawarar mu buɗe abin da suke kira "famili ofis". Mene ne shi, yaya ake tafiyar da shi, kuma ya dace da irin gidanmu?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Ka yi tambayar a kan gaɓa, domin yawancin masu kawo mini irin wannan magana sai bayan sadakar arba'in suke zuwa, lokacin kowane ɗaki ya riga ya ɗauki lauyansa.

Abin da ma'aikacin bankin ya ambata, a Hausance sai mu ce ofishin kula da dukiyar iyali. Ƙaramin kamfani ne da iyali ke kafawa, ba ya ciniki da mutanen waje, maigidansa ɗaya ne, wato iyalin. Shi ke riƙe da lissafin duk abin da aka mallaka, ya juya rarar kuɗi, ya biya haraji, ya adana takardun filaye, ya fitar da zakka, ya biya kuɗin makarantar yara da na asibiti, ya kuma shirya yadda dukiya za ta sauka daga hannun uba zuwa 'ya'ya ba a kai ruwa rana ba. Mu ma mun san irinsa tun da. Kowane babban attajiri a Kano yana da amintacce guda, ma'aji ko magatakarda, wanda ya san inda kowace takarda take da duk wanda ake bi bashi. Sai dai shi amintacce mutum ne, yana tsufa, yana mantuwa, yana rasuwa da abin da ke kansa.

A Amurka aka fara ba abin tsarin da ake gani yau. John D. Rockefeller, mai kamfanin man Standard Oil, ya buɗe nasa a 1882. Henry Phipps, abokin kasuwancin Andrew Carnegie a harkar ƙarafa, ya kafa Bessemer Trust a 1907 domin 'ya'yansa, kuma daga 1974 ofishin ya fara karɓar dukiyar wasu iyalan. Nan ne aka samu iri biyun da ake da su: na iyali guda, da na haɗaka mai yi wa gidaje da yawa aiki ana biyansa. Ina kyautata zaton na biyun ma'aikacin bankinku yake son sayar maka. Ba laifi ba ne, sana'arsa ce, amma ka san da haka.

Cikakken ofishi na iyali guda yana da tsada. Ka ɗauki ƙwararren mai zuba jari, da akanta, da lauya, da kuɗin haya da na'urori, ba wuya ya lashe sama da dala miliyan 1 a shekara. Shi ya sa masu sana'ar ke yawan cewa in dukiyar da za a juya ba ta kai wajen dala miliyan 100 ba, ɗawainiyar ta fi amfanin. Idan taku ba ta kai nan ba, kada ka damu: akanta ɗaya na ƙwarai mai cikakken albashi, da lauya da ake biya a kira shi idan buƙata ta taso, da mai binciken kuɗi na waje da zai zo sau ɗaya a shekara, sun ishe ku. Ɗaki biyu a saman ofishin kamfani ma ya wadatar.

Ba wannan ne abin da ya kamata ya hana ka barci ba. Ɗauko biro mu yi lissafi.

Mu ɗauka kakanninku sun riga mu gidan gaskiya, kuma an biya bashi an fitar da wasiyya. Matan Baba uku za su raba tumuni, wato kashi 12.5 cikin 100. Ragowar kashi 87.5 za a kasa shi 27, domin kowane namiji yana da rabo biyu, mace ɗaya. Kowane ɗa zai tashi da kimanin kashi 6.5, kowace 'ya kimanin 3.2. Kai da kake wuni kana kwana a injin shinkafar nan, rabonka bai kai kashi 7 cikin 100 ba, daidai da na autan gidan da ko ƙofar injin bai sani ba. Wannan hukuncin Allah ne, ba mai taɓa shi. Amma injin shinkafa ba ya kasuwa 27. Ko a sayar a raba kuɗin, galibi a farashin gaggawa, ko mutum 20 su zama abokan tarayya alhali ba wanda ya zaɓi ɗan'uwansa. Duk aikin ofishin iyali a gida irin naku shi ne tanadin wannan rana.

Abu na farko shi ne a san abin da ake da shi, kuma a nan ake shan mamaki. Na taɓa yin kwana huɗu a ɗakin wani marigayi ni da 'ya'yansa biyu, muna zazzage wani akwatin ƙarfe. Takardun filaye ne cike, wasu gara ta ci gefensu, wasu takardar cinikin hannu ce kawai da sa hannun mai unguwa. Uku daga cikin filaye mafi daraja da sunan direbansa aka yanke su, saboda a lokacin bai so a ga sunansa. Direban ya riga shi rasuwa, 'ya'yan direban kuma suka ce gadon ubansu ne. Wanda zai ba da shaida duk yana ƙasa. Wayar marigayin kuma, wadda duk lambobin sirrin banki ke shigowa cikinta, tana hannun amarya a kulle. Saboda haka ku fara da rajista guda: kowace kadara, da sunan wa take, ina takardarta, an jinginar da ita ko a'a, wa ke karɓar hayarta. Haka basussuka, na shiga da na fita, har da amanar da mutane suka ba Baba ajiya, wadda sau da yawa shi kaɗai ya san da ita.

Na biyu, a raba aljihu. A yawancin gidajenmu asusun kamfani shi ne na cefane, shi ne na kujerar Makka, shi ne na gudummawar biki. Muddin haka ne, ba wanda zai iya faɗin ko injin yana cin riba, kuma ranar da aka zo rabo, kai mai riƙe da kamfani kai za a fara tuhuma ko da ba ka ci ƙwandala ba. Kamfani ya biya ma'aikatansa albashi, har da kai, a rubuce. Ya fitar da rabon riba ga mai shi. Daga wannan rabon ne ofishin iyali zai yi hidimar gida.

Na uku, uwar kamfani. A yi rajistar kamfani guda a hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, CAC, wanda zai mallaki injin, da motocin, da gidajen. Abin da za a gada daga baya hannun jarin wannan uwar kamfani ne, shi kuwa hannun jari yana kasuwa ko gida dubu ne, injin yana ci gaba da aiki. Ku fara da wuri, domin mayar da fili daga sunan mutum zuwa na kamfani yana buƙatar amincewar gwamna a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a Abuja kuma ta minista, kuma akwai kuɗi da jira a ciki. Baba yana raye, sa hannunsa ɗaya ya isa. Bayansa sai na magada duka, ko umarnin kotu.

A nan dole malamin fiƙihu ya zauna tebur ɗaya da lauya, don akwai wuraren da lauyan da ya karanta dokar Ingila kaɗai zai jefa ku rami. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai in sauran magada sun yarda. Kyauta a mazhabar Malikiyya ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai kyautar yana da rai da lafiya. In Baba ya ce ya ba wance gida amma shi ke ci gaba da karɓar haya har ya rasu, gidan ya koma gado. Abin da aka bayar a ciwon ajali kuma hukuncin wasiyya yake ɗauka. Sannan akwai maganar adalci tsakanin 'ya'ya wajen kyauta, wadda hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya yi gargaɗi a kai. Wani abin da ake mantawa: jikan da mahaifinsa ya rasu kafin kaka ba ya gado idan akwai 'ya'ya maza. Masar ta magance wannan da dokar wasiyyar dole a 1946. In kuna da irin waɗannan marayu a gida, Baba ya ware musu daga sulusinsa tun yanzu.

Sai wakafi, wanda a ganina shi ne kayan aikin da attajiranmu suka fi sakaci da shi. Sulaiman Al Rajhi na Saudiyya, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa bankin Al Rajhi, ya raba dukiyarsa yana raye, ya ba iyalinsa nasu, ya mayar da babban kaso wakafi. Abin sha'awa, gidan Wallenberg na Suwidin, waɗanda ba ruwansu da fiƙihu, kusan hanyar suka bi. Kakansu ya kafa banki a 1856, suka kafa kamfanin Investor a 1916, sai gidauniyar Knut da Alice Wallenberg a 1917. Ita da sauran gidauniyoyin gidan ne ke riƙe da ƙuri'u mafi yawa a Investor, wanda ke da hannun jari a Ericsson da Atlas Copco da ABB. 'Yan gidan suna shugabanci, yanzu tsara ta biyar, amma ba wanda zai iya yankar rabonsa ya kai kasuwa, ribar kuma tana tafiya binciken kimiyya. Sharaɗi dai kada a yi wakafi don a hana magada haƙƙinsu, musamman mata.

Yanzu ga zuciyar tambayarka, wato mulkin abin. Kujeru uku ne, kuma rigima tana tasowa ne idan mutum ɗaya ya haɗa su ya zauna. Akwai majalisar iyali, inda duk mai hannun jari yake da murya. Ita ke zaɓen wakilai, ta amince da manyan ƙa'idoji, a karanta mata rahoto aƙalla sau ɗaya a shekara. Akwai hukumar daraktoci, mutum biyar zuwa bakwai, masu sa ido a kan uwar kamfani da ofishin. Sai shugaban ofishin, ma'aikaci ne mai albashi da hukumar ke iya ɗauka ta kuma sallama. Shawarata, a gida mai ɗakuna uku, kowane ɗaki ya samu wakili a hukumar, a ƙara da mutum biyu na waje waɗanda ba sa cin abinci a hannun kowa a gidan. Kuma ka yi haƙuri da abin da zan faɗa: kai da ke tafiyar da injin, bai kamata ka zama shugaban ofishin ba. Ofishin ne zai riƙa duba lissafinka a madadin 'yan'uwanka. In kai ne mai aiki kai ne mai dubawa, ko kai waliyyi ne sai an ce 'yan ubanci ake yi.

Waɗannan duka a rubuta su cikin kundin tsarin iyali, a sa hannu, sassan da suka shafi hannun jari kuma lauya ya shigar da su cikin dokokin kamfanin da yarjejeniyar masu hannun jari, don kundin iyali shi kaɗai ba lalle kotu ta tilasta shi ba. Dhirubhai Ambani na Indiya, mai kamfanin Reliance, ya rasu a Yulin 2002 bai bar wasiyya ba. 'Ya'yansa maza biyu ne kacal, uwa ɗaya uba ɗaya, Mukesh da Anil, amma sai da rikici ya fito fili har mahaifiyarsu Kokilaben ta raba musu kamfanonin a 2005. To ina ga mutum 17 daga ɗaki uku?

Cikin abubuwan da kundin zai ƙunsa, uku ne na ga sun fi haddasa faɗa. Ɗaya, wa zai yi aiki a kamfani. Ku sa ƙa'ida guda ga kowa: takardar karatu, 'yan shekaru na aiki a wani wuri, gurbi na gaske, albashi daidai da na bare. Biyu, rabon riba. 'Yan'uwan da ke cikin kamfani kullum suna son a mayar da riba a ƙara jari, don su suna da albashi da mota. Ƙanwarka da ke gidan miji kuwa rabon ribar ne kaɗai abin da take gani. A yanke kason da za a riƙa rabawa duk shekara, kowa ya sani. In ba haka ba, wata rana mijinta zai tambaye ta ina gadonta, kuma tambayarsa tana kan hanya.

Na ukun shi ne ƙofar fita, kuma shi aka fi gudun magana a kai. Dole wani zai so ya sayar da rabonsa, ko don bashi, ko don ya gaji da ku. Haƙƙinsa ne, shari'a ba ta tilasta wa magaji zama cikin tarayya. Sai a rubuta cewa 'yan'uwa za a fara yi wa tayi, wanda dama ya yi kama da shufu'a da fiƙihu ya sani, wato fifikon abokin tarayya wajen sayen rabon ɗan'uwansa, a rubuta wa zai yi ƙiyasin farashi, da cikin wata nawa za a biya, a kuma riƙa tara wani asusu domin haka. Gidan Hermès na Faransa, masu kamfanin kayan ƙawa, sun ɗanɗana rashin wannan. A Oktoban 2010 suka wayi gari kamfanin LVMH na Bernard Arnault ya tara kusan kashi 17 na hannun jarinsu a ɓoye. Sai a 2011 'yan gidan fiye da 50 suka zuba sama da rabin hannun jarin kamfanin a uwar kamfani guda mai suna H51, suka ɗaure shi shekara 20. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A ɓangaren kuɗi, ƙa'idojin ba su da yawa kuma ba su da daɗi. Mai ba da umarnin biya daban, mai biya daban, mai rubuta lissafi daban. Duk kuɗin da ya wuce wani adadi sai da sa hannu biyu. Takardun hannun jari da kuɗin waje su zauna a banki da sunan uwar kamfani, kada su taɓa zama da sunan ma'aikaci komai amanarsa. Mai binciken kuɗi na waje ya kai rahotonsa ga hukumar kai tsaye. Za a ce maka wannan rashin yarda ne. Ka ce kariya ce ga amintaccen, don idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Dalilin tsaurin shi ne ofishin iyali ba shi da mai sa masa ido daga waje kamar banki. A Amurka ma ƙa'idar da hukumar kula da kasuwar hannun jari, SEC, ta fitar a 2011 ta keɓe irin waɗannan ofisoshi daga rajistar masu ba da shawarar zuba jari. Ta wannan kafar Bill Hwang ya bi da ofishinsa Archegos. Ya ciwo bashi mai yawa daga manyan bankuna, ya zuba a hannun jarin kamfanoni ƙalilan, kowane banki bai san abin da ya ɗauka a wurin ɗayan ba. Da farashin hannun jarin ɗaya daga cikinsu, ViacomCBS, ya faɗi a Maris 2021, cikin 'yan kwanaki komai ya rushe. Bankunan sun yi asarar sama da dala biliyan 10, Credit Suisse kaɗai kimanin biliyan 5.5, shi kuma aka yanke masa ɗaurin shekara 18 a 2024. A cikin ofishin babu wanda ya isa ya ce masa a'a. Don haka ku rubuta manufar zuba jari a shafi biyu: iyakar abin da za a sa a kadara ɗaya, iyakar bashi, abin da ba za a taɓa ba saboda riba ko haram, da kuɗin hidimar gida na shekara ɗaya ko biyu da za a ajiye a inda za a iya ɗaukowa gobe. Ku kuma duba kuɗin da dukiyar ke ciki. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a Fabrairun 2024 ta haura 1,400. Gidan da kuɗin makarantar 'ya'yansa da na asibiti da dala ake biya, amma duk ajiyarsa naira ce, ya gane kurensa a watannin nan.

Maganar buɗe ofishi a Dubai ko Singafo, kada ta ruɗe ka. Gaskiya ne ana tururuwa can. A Singafo ofisoshin iyali guda sun tashi daga wajen 400 a 2020 zuwa sama da 2,000 a ƙarshen 2024. Amma bayan badaƙalar halasta kuɗin haram da aka bankaɗo can a 2023 an tsaurara bincike, za a tambaye ku asalin kowace dala da takarda. Injinku da gidajenku a Najeriya suke, alƙalin da zai raba gadon ma a nan yake. Kuɗin wajen kawai lauyan ƙasar da suke ya duba muku, don wasu ƙasashen suna da harajin gado, kuma kotunsu ba lalle ta bi rabon Musulunci ba in ba a tanadi takarda ba.

Kano ta ga gidan da ya ɗore. Alhassan Dantata ya rasu a 1955, kamfanin da ke ɗauke da sunansa ya ci gaba a hannun 'ya'yansa har zuwa Alhaji Aminu da ya rasu a 2025, shekara 70 ke nan. Ta kuma ga gidajen da yau sai dai a nuna maka kangon shagonsu a Kantin Kwari.

Saura yadda za ka tunkari Baba, wanda shi ne mafi wuya. Kada kai ka kai masa maganar kai kaɗai, kuma kada ka fara da kalmar gado. Dattijo zai ji kamar ana auna masa likkafani, sauran ɗakunan kuma za su ce babban ɗa yana share wa kansa hanya. Ka samu amininsa ko malamin da yake jin maganarsa, ka kuma jawo ɗan'uwa ɗaya daga kowane ɗaki, da mace a cikinsu. Ku shiga ta ƙofar zakka: a ce ana son a lissafa dukiyar daidai don a fitar da ɗaya bisa arba'in ba ragi, a kuma rubuta basussuka da amanonin mutane da ke wuyansa. Da wuya dattijo mai tsoron Allah ya ƙi wannan. Rajistar da za ta fito daga lissafin zakkar ita ce shafin farko na ofishinku, kuma ku bar shi ya zauna a kujerar shugaban hukumar muddin yana so.